Teburin Mai Shayi da Mutanensa

Gahawa ta shafe fiye da shekara ɗari huɗu tana zaga biranen Musulmi kafin ta samu wurin zama a unguwannin Kano. Ko da ta samu ɗin ma, a raɓe ta shigo, cikin ɗan ƙaramin gwangwani, aka ajiye ta bayan tulin burodi a kan teburin mai shayi. Abin da ban mamaki, domin Kano ba ta taɓa zama a gefen duniya ba. Alhazanmu na ƙafa suna ratsa Masar da Hijaz, Larabawan Gadamus da na Tarabulus kuma suna da gidaje da iyali a cikin birni. Duk waɗannan sun san gahawa, sun san shagunan da ake zama a sha ta. Amma ba wanda ya ɗauko irin shagon ya dasa a Kurmi ko a Jakara har ya kama.

Sufayen Yaman ne suka fara mayar da gahawa abin shan jama'a a ƙarni na 15, don ta taimake su raya dare da zikiri. Daga wurinsu ta wuce Makka da Alƙahira, ta fita daga zawiyya ta shiga kasuwa. A shekarar 1511 wani jami'i mai kula da hisba a Makka, Kha'ir Beg, ya ga mutane sun taru da dare kusa da Harami suna miƙa wa juna kofi, sai hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya tara malamai da likitoci biyu, aka yanke hukuncin a hana. Da maganar ta isa fadar Sarkin Masar, amsar da ta dawo ta yi tir da taron, amma ba ta haramta gahawar kanta ba. Wajen 1555 wasu mutanen Sham biyu, Hakam da Shams, suka buɗe shagon gahawa a unguwar Tahtakale ta Istanbul, kafin a ankara shaguna sun cika birnin, har Sarki Murad na Huɗu ya sa aka rufe su a 1633. A duk rigingimun nan, zaman ne ya tsone wa masu mulki ido: mutane babu dangin iya babu na baba, ba wanda ya gayyace su, su haɗu wuri guda su yi ta magana, kowa da kuɗin kofinsa.

Mu a ƙasar Hausa abu biyu suka tare wa wannan shago hanya. Na farko goro. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja, kuma daga baya Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka yi suna da dukiya a fataucinsa. Abin da ke korar barci a gahawa shi ne a cikin goro. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lura cewa matsayin da shayi da gahawa suke da shi a wurin mutanensu, shi goro yake da shi a wurinmu. Ga shi goro ba ya neman wuta, ba ya neman kofi, ba ya neman a zauna. A aljihu yake, a ɓara a miƙa.

Na biyu zaure. Hira a wurinmu tana da gida tun asali: zauren maigida, dakalin ƙofar gida, rumfar kasuwa, inuwar masallaci bayan la'asar. Sai dai zaure yana da mai shi. Sai ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka yi gaisuwa, ka san wa ke kan buzu wa ke kan tabarma, wa ke magana wa ke saurare. Baƙon da ya shigo gari da ayari yana da fatoma, a gidansa zai sauka, a zaurensa zai ci tuwo, shi zai tsaya masa a kasuwa. Muddin baƙi a haka suke zuwa, kowa da wanda zai raɓa, ba a bukatar wani wurin zama na kuɗi.

Shi ma shayi ta sahara ya fara zuwa mana. Koren ganye ne na ƙasar Sin, jiragen Ingila ke sauke shi a tashoshin ruwan Maroko, daga can ya bazu cikin sahara a ƙarni na 19, har ya zama abin da Buzu da Balarabe ba sa rabuwa da shi. Sukari kuwa Barth ya lissafa shi cikin hajar Faransa da raƙuma ke kawowa Kano. Abin da ya ƙetare sahara a bayan raƙumi ba na talaka ba ne. Shayi a lokacin na gidajen Larabawa ne da manyan attajirai, a dafa a 'yar buta, a sha a ɗan kofin gilashi. Talaka da safe koko yake sha ko kunu, ko ya ci ɗumame.

Jirgin ƙasa ne ya juya al'amarin. Ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, kuma a wannan shekarar cinikin gyaɗa ya ɓarke. Kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant suka kafa kantuna, Kwarori suka zauna a gefen Fagge, inda Kantin Kwari ya samo sunansa. Taragon da ya tafi Legas da gyaɗa da fatu yana dawowa da baƙin ganyen shayi na Indiya da Silon, da sukari, da fulawa, da madarar gwangwani. Bayan kayan kuma, jirgin ya kawo wani irin mutum da Kano ba ta saba da shi ba: lebura mai dakon buhu, ma'aikacin reluwe, ɗan cirani, daga baya direba da yaron mota. Mutum ne da agogo ke kiransa aiki tun duku-duku, matarsa tana ƙauye ko kuma bai yi auren ba tukuna, ɗakin da yake kwana su biyar ne, ba murhu ba tukunya. Ba fatoman da zai ɗauki nauyin dubban irinsa. Wannan mutumin shi ne ainihin wanda aka kafa teburin shayi dominsa, kuma har gobe shi ke riƙe da shi.

Sauran kayan teburin a hankali suka taru. Kanawa sun san alkama tun da daɗewa, ga gurasa ga alkaki ga funkaso, amma burodi daga kudu ya hau jirgi ya zo. A Legas wani mutumin Jamaika, Amos Shackleford, wanda aikin reluwe ya kawo shi, yana cikin waɗanda suka fara gasa burodi da yawa don talakan birni. Madarar Peak ta shigo Najeriya daga Holand a 1954. Injin niƙan alkama na Flour Mills ya fara aiki a Apapa a 1962, Cadbury ya kafu a Ikeja a 1965 yana yin Bournvita, a shekarun 1970 kuma aka kafa injin fulawa a Bompai nan Kano. Kowa ya dubi teburin da kyau zai ga cewa in aka cire ruwa da ƙwai da gawayi da citta, kusan babu abin da ya fito daga gonarmu. Wannan ya sa duk lokacin da naira ta yi atishawa, a kan teburin mai shayi ake fara jin zazzaɓin.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya shigo Kano daga ƙauye yana saurayi, gab da samun 'yancin kai, ya zo koyon ɗinki a Fagge. A shagon maigidansa yake kwana, a ƙarƙashin teburin yanka. Da rana ana aiko masa da abinci daga gidan maigida, amma safe da dare nasa ne. Ya sha gaya mana cewa duk inda ya je a birni tambayar farko ita ce, “Yaro, ɗan gidan wa ne?” In ya ambaci sunan ƙauyensu sai a gyaɗa kai a juya ga wani. Wurin farko da ya zauna ba wanda ya yi masa wannan tambaya shi ne bencin wani mai shayi kusa da tasha. Ya ce mutumin ya dube shi kawai ya ce, “Samari, da madara ko ruwan bunu?” A gefensa akwai wani akawun kanti da farar riga da alƙalami a aljihu, a ɗaya gefen ɗan dako da gammonsa a cinya, duk a benci ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Mu da muka tashi muka tarar da abin ba ma ganin girmansa. Amma a garin da mutum ke tsugunawa ya gaida na gaba da shi, samun wurin da tsawon zaman kowa ɗaya ne ba ƙaramin sauyi ba ne.

Teburin da na sani da kyau shi ne na bakin layinmu, daga ƙarshen shekarun 1970. Mai shi mutumin Damagaram ne, fari na 1973 ya koro shi kamar yadda ya koro dubban mutanen Nijar da Buzaye zuwa Kano. Ya fara da gadi, ya tara 'yan kuɗi, ya sayi tebur. Baba mai shayi muke ce masa, yara da manya. Teburin dogo ne, an shimfiɗa masa leda mai furanni, benci uku sun kewaye shi, shi kuma yana tsaye a ɓangare na huɗu. Gwangwanayen madara da na Bournvita da na Milo ya jera su sun yi tsini kamar dalar gyaɗa, kuma duk mun san rabinsu wofi ne, don kwalliya aka ajiye su. A gefe babbar tukunya tana kan gawayi, ruwa na tafasa da ganye da citta da kanumfari, ƙamshin yana kaiwa har bakin masallaci.

Kallon haɗinsa kaɗai ya isa ya tsayar da yaron da aka aika. Zai ɗauki gwangwanin madara ya huda shi wuri biyu da tsinin wuƙa, ya tuntsura rabi a babban kofin silba, ya toshe hujin da 'yar takarda ya ajiye wa mai zuwa. Sukari ƙwaya uku ko huɗu, cokalin Bournvita a kai, sannan ya ɗebo ruwan da moɗa ya tace ta rariya. Daga nan sai sheƙa: kofi ɗaya a sama kusa da kunnensa, ɗaya a ƙasa wajen gwiwa, shayin ya zubo a miƙe ko ɗigo bai faɗi ba, ya mayar, ya sake mayarwa, har ya huce ya yi kumfa. Yana yi yana amsa gaisuwa, yana leƙa wainar ƙwai a kasko, yana tsawata wa yaronsa ya wanke kofuna. Da sule biyu a lokacin sai ka sha shayi da burodi ka tashi da ƙarfinka.

Abin da ya fi haɗin burge ni, da na girma na fara zama a bencin da kaina, shi ne bai cika tambayar mutanensa abin da suke so ba. Ya san wanda ba ya son sukari da yawa, ya san wanda sai mai kauri, ya san wanda ke son bakin burodi mai ƙonuwa. Mutum zai yi sallama ya zauna, kafin ya gama gaisawa da jama'a kofinsa ya iso gabansa yadda yake so. In kuwa wanda ya saba shan mai kauri ya zauna ya ce a hankali, “Baba, yau ruwan bunu za ka ba ni,” to Baba ya gane aljihu ne ya yi sanyi. Ba zai ce komai ba, sai ya ɗan ɗiga madara a ciki ya miƙa masa. Mai ciniki a wurin nan sananne ne, kuma ga mutumin da ya wuni yana aiki a inda ba a ko kiran sunansa, wannan sanin ya fi madarar daɗi.

Bencin yana sauya mutane da sauyin lokaci. Bayan sallar asuba masu gadi ne da suka sauka daga aiki, idanu jajur, da ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharaɗa masu sauri su kama motar kamfani. Da hantsi teloli da 'yan kamasho. Da rana a kife benci a kan tebur, Baba ya tafi ya kwanta. Bayan isha'i kuwa majalisa ce sosai, kowa da wurinsa da ba a rubuta ba amma ba a taɓawa. Ƙarshen benci na dama na wani tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama, ba ya shan komai sai baƙin shayi mai zafi, kuma ba ya magana sai an tambaye shi. Duk wanda aka ajiye wa kofi sai ya juya dama da hagu ya ce bismilla. Wanda ya samu wani alheri ranar kuma yakan raɗa wa Baba cewa kuɗin wane da wane a kansa yake, sai mutum ya miƙa kuɗi ya ji an ce, “An biya maka, Malam.”

Rediyo ce ta mayar da teburin majalisa ta gaske. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga kuma Rediyon Kaduna da kowa ke ji. Ba kowane ɗan cirani ke da akwatin rediyo ba, amma mai shayi yana da ita, a rataye a ƙusa, an ɗaure murfin batirinta da roba. In an buga tambarin labarai sai cokula su tsaya. Ana gamawa a ɗora sharhi. Na kama lokacin da jam'iyyar PRP ta dare gida biyu bayan zaɓen 1979, 'yan santsi na bayan Gwamna Abubakar Rimi, 'yan taɓo na bayan Malam Aminu Kano. A bencinmu akwai wani tela ɗan taɓo da wani direba ɗan santsi, kullum sai sun kwashi 'yan kallo. Dokar Baba ɗaya ce: “Malamai, a yi gardama, amma ban da zagin iyaye, kuma wanda ya fasa mini kofi shi zai biya.” Da Malam Aminu ya rasu a watan Afrilun 1983, tare su biyun suka tafi jana'iza a motar direban, tare suka dawo.

Na san yadda ake amfani da kalmar nan, hirar teburin mai shayi, in ana so a ce magana ba ta da tushe. Akwai gaskiya a ciki. Na ji an kashe mutumin da ke raye a bencin nan, na ji an tsige gwamna an naɗa wani kafin shayi ya huce, kuma a lokutan tashin hankali jita-jitar da ke tashi daga irin wuraren nan ta sha ƙara wa wuta fetur. Amma masu raina hirar sukan manta da ɗaya rabin. A nan baƙo ke jin inda ake neman leburori gobe, da gidan da ake ba da hayar ɗaki, da direban da zai bi ta garinsu ya kai wa iyayensa saƙo. A nan ake lura cewa wane kwana biyu bai fito ba, a tura yaro ya duba, a tarar zazzaɓi ya kwantar da shi, a yi karo-karo a kai shi asibiti. Mai gida da dangi a gari ba ya bukatar wannan, shi ya sa raina abin yake yi masa sauƙi.

Ita gahawa ta ƙofa biyu ta shigo. Ta farko Nescafé, garin da kamfanin Nestlé ya fara sayarwa a Suwizalan a 1938, wanda ba ya neman a soya ko a daka ko a tace. A teburinmu magani aka ɗauke shi. Direban da zai kama hanyar Legas da dare, mai gadin da zai hau aiki, ɗalibin da jarrabawa ta matso, su ne masu cewa a sa musu, kuma a bakin cokali Baba yake ɗibarsa ya zuba cikin shayin, yana gargaɗi, “Kai ɗan nan, wannan ba a cika shi, zuciya yake bugarwa.” Shi da kansa yakan ce a garinsu abin ba haka yake ba. A Damagaram da Maraɗi da Yamai, inda Faransa ta yi mulki, Nescafé da madara mai kauri mai zaƙi da dogon burodi su ne karin kumallon tebur. Iyaka ce kawai tsakaninmu, harshe ɗaya, amma kofin safe ya bi Baturen da ya mallaki kowa.

Ƙofa ta biyu aikin hajji. Da kuɗin man fetur suka shigo, jirgin sama ya maye gurbin tafiyar ƙafa, a 1977 kaɗai 'yan Najeriya sama da dubu ɗari suka sauke farali. Alhazai suka dawo da buta mai dogon baki da ƙananan kofuna da ɗanɗanon gahawar Larabawa, wadda ake sha da dabino. Ta fara zama a gidajen alhazai da zaurukan malamai da wuraren mauludi, daga baya masu yawo da fulas suka fito da ita kasuwa. Abin da ke ba ni takaici shi ne a tsaunin Mambila na jihar Taraba ana noman gahawa, ana kuma noman shayi a Kakara, inda ake yin ganyen Highland, amma mafi yawan masu zama a benci ba su taɓa jin cewa ƙasarsu tana fitar da abin da suke sha ba.

Akwai waɗanda bencin bai taɓa ɗauka ba, kuma bai kamata a ba da tarihinsa a tsallake su ba. Mata ba sa zama. Koko da ƙosai sana'ar mata ce, a saya a tafi gida ko a tsuguna a sha, amma shayi ya zo a sana'ar maza, masu sha ma maza. Matar da ke son shayin tebur sai ta aiki yaro da jug mai murfi da kuɗi a ƙulle a gefen ƙyalle, kuma ni kaina an sha aikena, musamman in an yi haihuwa a gida ko wata ba ta da lafiya. Magidanci ma da sharaɗi yake zama. In ya zo hirar dare ba laifi, amma in aka gan shi da sassafe yana karyawa a tebur kwana biyu a jere, unguwa ta san uwargida ta yi yaji ko an samu saɓani. Wato daidaiton da na yaba a bencin na rabin jama'a ne. Ɗaya rabin suna bayan katanga, su ne kuma suka fi kowa tashi da wuri.

Shekarun wuya sun bar tabo a kan teburin, kuma kowane tabo ana iya nuna shi. Tsuke bakin aljihu ya fara tun 1982. A 1984 madara da sukari suka shiga jerin kayan masarufin da ake bin dogon layi kafin a samu, soja na tsaye da bulala. Na ga Baba ya raba gwangwani ɗaya wa mutum huɗu yana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. A 1986 aka karya darajar naira, a farkon 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama don a noma ta gida a wurare irin su Kadawa, burodi ya tsuke ya yi tsada har aka ɗage hanin a 1992. A 1993 madarar gari ta Cowbell ta fito a ɗan ƙunshin leda, sauran kamfanoni suka bi, daga nan komai ya koma ƙulli: madara, Milo, Nescafé, har man shafa wa burodi. Sai Indomie, wadda aka fara shigo da ita a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa mata masana'anta a Ota a tsakiyar shekarun 1990. Ita ce ta mayar da mai shayi mai dafa abinci. Yau a tebura da yawa kaskon Indomie da ƙwai ya fi tukunyar shayin kawo kuɗi, samari ma sun fi zuwa dominta.

A daidai wannan lokaci masana'antun da suka cika bencin asuba suka fara rufewa, a Kano da Kakuri ta Kaduna. Waɗanda a da suke shan shayi a tsaye don kada motar kamfani ta wuce su, suka koma masu zama har hantsi da kofi ɗaya. A nan littafin bashi ya yi kauri. Na Baba littafin 'yan makaranta ne mai layi, da ajami yake rubutu, kowa da shafinsa, kuma ba da sunan yanka yake rubuta mutum ba, sai da sana'arsa ko garinsu. Akwai wani ma'aikacin masaƙa da aka sallama, mai 'ya'ya, wanda ya yi watanni yana karyawa a kan littafin. Wata rana na ji wani ya ce wa Baba ya daina ba shi, zai karya masa jari. Baba ya ce, “Alhaji, shekara nawa yana ba ni ciniki lokacin da yake da shi? Bashi hanji ne.” Ba duka ake biya ba. Wasu sukan sulale su koma wani tebur, wasu su bar gari da dare, kuma na san masu shayin da bashi ya tayar da su gaba ɗaya. Amma ban san wani banki ko ofishin gwamnati da ya ciyar da marasa aikin yi a shekarun nan kamar yadda waɗannan tebura suka yi ba. Da gwamnatin Kano ta tara dubban masu shayi a ƙarshen 2017 ta raba musu kayan sana'a, mutane da yawa dariya suka yi. Ni abin da na gani shi ne an makara, kuma ba ƙwai da Indomie suka fi bukata ba. Wurin kafa tebur suke bukata wanda ba za a zo da mota a kwashe ba duk ranar da aka tashi faɗaɗa titi.

Yanzu an buɗe shagunan gahawa na zamani a Nasarawa da sauran unguwannin masu hali, da na'urar sanyaya ɗaki da injin da ke tace gahawa da tururi. Na shiga, kuma ban ga abin zargi ba. Mata suna zama a can da ƙawayensu ko da kwamfutarsu, abin da bencinmu bai taɓa ba su ba. Sai dai kowa da teburinsa, ba a yi wa na kusa bismilla, kuma kuɗin kofi ɗaya ya isa ya ciyar da ɗan dako safe da dare. Akwai kuma masu shayin Larabawa mai kayan ƙamshi da suka yawaita a bakin manyan tituna, da darduma da ƙananan kofuna, inda samari ke kwana hira. A Nijar kuwa tun shekarun 1990 samari suka ƙirƙiro fada, su haɗa kuɗi su dafa koren shayi da kansu a bakin layi. Duk waɗannan na waɗanda suka riga suka san juna ne.

Baba ya rasu, ɗansa ne ya gaji sana'ar, amma ba a layinmu ba. Haya ta yi tsada, ya bi mutanensa zuwa bakin gari, inda ake sababbin gine-gine. Gas yake amfani da shi a maimakon gawayi, fitilar sola a maimakon ta ƙwai, rediyon ma ta koma cikin wayar kowa. Masu zama a bencinsa 'yan Adaidaita Sahu ne, da magina, da samarin da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina, waɗanda suke kwana a kangon da suke aikin gininsa. A farkon 2023, lokacin da aka canja takardun naira tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a, ya ce mini littafi biyu ya cika cikin 'yan makonni, domin mai albashi a banki da wanda ba shi da ko asusu duk sun zo ba ko sisi a aljihu. Tun daga lokacin ya rubuta lambar asusunsa a jikin kwali ya jingina da gwangwanin Milo, masu waya suna tura masa. Sauran kuma har yanzu a littafi suke, kowa da sunan garinsu.